Yadda Ake Wanke Sandunan Kalifar Birkin Baya a Shafa Musu Giris

Idan aka ciro fad na birkin baya, wato takalman nan biyu da ke matse faifan da ke juyawa tare da taya, aka ga ɗaya ya cinye har ƙarfe, ɗan'uwansa kuwa yana nan da kaurinsa, da wuya a ce fad ɗin ne da laifi. Mai mota zai yi ta faɗa cewa jabu aka sayar masa, ya sayo wani, bayan 'yan watanni a koma gidan jiya. Ciwon yana jikin wasu sanduna biyu na ƙarfe, kowace kamar tsawon yatsa, waɗanda kalifa, wato ƙarfen da ke rungume da fad yana matse su, ke zamewa a kansu. A gareji fin ake ce musu.

Kalifar yawancin ƙananan motoci fistin ɗaya gare ta, wato ƙarfen da man birki ke turowa, a ɓangaren ciki. In ka taka birki, fistin ya tura fad na ciki ya dafe faifai, ƙarfin turin kuma ya ja jikin kalifar ta zame ciki, ta jawo fad na waje ya matse faifan ta ɗaya gefen. Wannan zamewar a kan sandunan nan take. Kowace sanda tana shiga wani rami a jikin burakit, wato ƙarfen da aka ɗaure a jikin mota, kuma akwai 'yar roba mai tattara da ke rufe bakin ramin don kada ruwa da ƙura su shiga. Ranar da robar ta yage ko giris ya bushe, sanda ta fara cijewa. Daga nan ko dai fad na ciki ya riƙa aiki shi kaɗai, ko kalifa ta matse ta ƙi saki, fad na waje ya yi ta gugar faifai kana tafiya. In sanda ɗaya ce ta cije, fad zai ci a karkace, gefe ɗaya siriri, ɗaya mai kauri.

Sauran alamomin su ne rim ɗaya na baya ya fi ɗan'uwansa zafi bayan tafiya, ƙaurin ƙuna, ƙarar guga, da motar da ke nauyi tana shan mai ba dalili. Motocin Kwatano da suka fito daga Amurka da Kanada sun fi fama da wannan, domin can ana barbaɗa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, sai su iso da tsatsarsu. A nan kuma ƙurar hunturu da shiga kududdufin damina su ƙarasa abin da ya rage.

Kafin ka sayi komai, leƙa ta cikin rim ka tabbata faifai ne a bayan motarka. Corolla da yawa na shekarun 2003 zuwa 2008 birki mai ganga ne a bayansu, babu kalifa balle sanduna.

Kayan aiki

Jak da sifanar taya.
Sitan, ƙarfen nan mai ƙafafu da ake ɗora mota a kai. In babu, kauraran guntayen katako masu ƙwari.
Duwatsu biyu ko katako na tare tayoyin gaba.
Sifana da soket masu lamba 12, 13, 14, 15 da 17. Bol ɗin kalifar baya na Honda yawanci 12 ne, na Toyota 14, na Golf 13 tare da siririyar sifana 15 ta riƙe sanda.
Filaya, ƙaramin sukurdireba mai faɗin baki, da guduma.
Burushin waya da sanfefa mai laushi, lamba 600 ko sama da haka.
Guntun waya mai ƙarfi na rataye kalifa.
Tsummoki masu tsabta, da yawa.
Feshin wanke birki na gwangwani. In bai samu ba, sifirit na kemis.
Girisin birki.
Sababbin robobi, idan kana zargin naka sun mutu.
Sifana mai awon ɗauri, in za ka iya aro.

Maganar giris

A nan aka fi yin ɓarna, shi ya sa zan daɗe a kai. Robar birki ba irin ta sauran sassan mota ba ce. An yi ta da nau'in da ake kira EPDM, wanda yake jure zafi da man birki, amma ba ya shiri da duk abin da aka samo daga ɗanyen mai. Girisin da ake cusa wa boris, baƙin girisin shaf, man inji, man giya, kananzir, duk daga can suka fito. In suka taɓa robar nan, tana tsotse su ta kumbura ta yi laushi. Ranar da aka shafa, sanda za ta yi ta sulɓi, mai mota ya tafi yana murna. Bayan wata biyu ko uku robar bakin ta saki ta daina rufewa, in kuma akwai roba a kan sandar, ta kumbura a cikin rami ta riƙe ta gam, abin ya fi na da muni. Yaron gareji da ya dangwalo giris daga gwangwanin da ake amfani da shi a kan komai ba mugunta ya yi ba, haka ya ga ana yi. Kai ne za ka zo da naka.

Abin da ake nema shi ne girisin silikon wanda aka rubuta a jikinsa cewa na kalifa ne kuma ba ya cin roba. Kamfanin Permatex yana yin irinsa, akwai kuma Sil-Glyde. Toyota tana da nata mai launin ja-ja, wanda aka yi da gilaikol, shi ma daidai ne. Girisin jan ƙarfe, mai ruwan tagulla, ana shafa shi a wasu wurare na birki, amma ba a jikin sandar nan ba: yawancinsa da man fetur aka kwaɓa shi, kuma in ya sha zafi yana bushewa ya bar gari. Ka nema a manyan shagunan kayan mota irin na Ƙofar Ruwa a Kano, Fanteka a Kaduna ko Apo a Abuja, ka karanta jikin abin da kanka, kada ka tsaya a kan "ai duk giris ne". Ƙaramin bututu ɗaya zai yi maka ƙafa huɗu har ya rage.

In ka rasa gaba ɗaya kuma tsohon girisin da ke ciki bai yi baƙi ba, gara ka share datti ka mayar da sandar da sauran tsohon har ka samo na gaske, da ka cusa na boris.

Aikin kansa

1. Tsayar da motar a wuri mai ƙarfi kuma shimfiɗaɗɗe, ba kan yashi ko gangara ba, ka bari birki ya huce. Sa giya a P, ko lamba ɗaya in mai kulochi ce. Tare tayoyin gaba da dutse gaba da baya, sannan ka saki hambirki. Wannan wajibi ne: hambirki tayoyin baya yake riƙewa, kuma a motoci irin su Accord da Golf ta cikin kalifar yake aiki, don haka in yana ɗaure kalifa ba za ta fita ba. Tunda ka sake shi, duwatsun nan su ne tsaronka, musamman a motar da ke ja da tayoyin baya.

Idan hambirkin motarka na maɓalli ne, ka yi hattara. Wasu suna ɗaure kansu da zarar an kashe mota, in kuwa ya kama alhali kalifa tana waje, zai turo fistin ya fito. Duba littafin motar ka ga yadda ake sa shi a yanayin gyara. In ba ka gane ba, kai wa mai na'ura.

2. Sassauta notunan taya tun tana ƙasa. Ɗaga motar ta wurin da aka tanada wa jak, ka sa sitan ko katako ka sauke nauyin a kai. Bulon siminti ba abin yarda ba ne, yana fashewa ba sallama. Cire tayar ka tura ta ƙarƙashin motar a kwance, ko da wani abu zai zame. Gefe ɗaya ake gamawa kafin a taɓa ɗayan, don in ka rikice ka leƙa can ka ga yadda abin yake.

3. Kafin ka kwance komai, juya faifan da hannu. Ya kamata ya juya da ɗan shafar fad kaɗan. In sai ka sa ƙarfi, wani abu na riƙe da shi. Kama kalifar ka gwada tura ta ciki da waje. Dubi robobin biyu ko akwai yagewa ko kumburi. Ɗauki hoto da wayarka, zai yi maka amfani wajen mayarwa. Ƙurar da ke wurin kuma kada ka hura ta da baki ko da iskar falkanaiza, ba abin shaƙa ba ce. Fesa mata ruwan wanke birki ko ka share da jiƙaƙƙen tsumma.

4. Ta bayan kalifa za ka ga ƙananan bol biyu, sama da ƙasa, kowane yana shiga kan sanda. Su za ka kwance, ba manyan biyun da ke riƙe burakit ba. In sandar tana juyawa tare da bol, riƙe ta da siririyar sifana a wurin da aka fafe mata. Jawo kalifar a hankali. In ta ƙi, karkaɗa ta kaɗan-kaɗan, kada ka soka sukurdireba kusa da robar fistin. Da ta fito, rataye ta da waya a jikin sifirin. Kada ka bar ta tana lilo a tiyon man birki, domin tiyon yana iya lalacewa ta ciki ba ka gani ba. Daga yanzu har ka mayar da ita, kada kowa ya taka birki ko ya ja hambirki. In da yara a gidan, kulle motar.

A wasu motocin bol da sanda abu ɗaya ne: kana kwancewa kana zarowa. Aikin bai canza ba.

5. Riƙe robar da yatsu, ka zare leɓenta daga tsagin da ke wuyan sandar, ka jawo sandar kana murzawa. Ɗaya bayan ɗaya ake yi. Sau da yawa sandunan biyu ba iri ɗaya ba ne: ɗaya tana da 'yar roba kusa da bakinta don hana kalifa kaɗawa, ɗayar kuma sumul take ko an ɗan fafe gefenta. Kowace da raminta. In ka musanya su, za ka samu ƙara ko cijewa. Ajiye ta sama a sama, ta ƙasa a ƙasa.

In sanda ta ƙi motsi, kada ka kama ta da filaya ka yi ta fizga tana jikin mota. Kwance manyan bol biyu ka ciro burakit ɗin gaba ɗaya, ka matse shi a bais, ƙarfen nan na kan teburi da ke riƙe abu gam. Cire robar ko da za ta yage, ai ta riga ta mutu. Fesa mai sassauta tsatsa irin WD-40 a bakin ramin, ka ba shi lokaci ya ratsa. Sa sifana a kan sandar ka riƙa murzawa dama da hagu kaɗan-kaɗan, domin murzawar ce ke karya tsatsa, ba ja ba. Da ta fara juyawa, ka riƙa ɗan bugun kafaɗarta ta waje da guduma kana ci gaba da murzawa. Ƙarfi da yawa zai karya kan sandar ya bar sauran a ciki. Wasu suna kai wa mai walda ya ɗan gasa burakit ɗin, kuma yana aiki, sai dai duk robar da ke wurin ta tafi, dole a sa sabuwa. Ni a ganina in an kai ga wuta, gara ka je kasuwa ka sayo burakit na hannu wanda sandunansa ke motsi. Ka tafi da naka don a gwada, ka kuma ja sandunan da hannunka a gaban mai shagon. Duk inda WD-40 ya taɓa sai an wanke shi tas kafin sabuwar roba ta zauna, don shi ma ɗan gidan fetur ne.

6. Share tsohon giris daga jikin sandar, ka fesa mata ruwan wanki. In da tsatsa sama-sama, goge ta da sanfefa mai laushi har ta yi sumul, ba tare da ka ci ƙarfen ba. Sandar tana da wani rufi mai hana tsatsa, in ka kankare shi duka za ta fi saurin lalacewa. Wadda tsatsa ta yi wa ramuka, ko ta lanƙwashe, ko ta yi gaɓa inda take guga, ta gama aiki.

Ramin shi ne wanda kowa ke tsallakewa, alhali a can busasshen giris yake taruwa. Cire robar, ka naɗa tsumma a sukurdireba, ka jiƙa da ruwan wanki, ka zura kana juyawa. Canza tsumma ka sake, har ya fito fes. In akwai tsatsa a ciki, naɗa sanfefa a siririn ƙarfe ka goge, ka sake wankewa. In babu feshi kuma babu sifirit, za ka iya wanke ƙarfen da fetur, da sharaɗin babu roba ko ɗaya a kusa, kuma ka bari ya bushe ƙarau. Tsagin da robar ke zama a bakin ramin ma ka kankare shi da burushi.

7. Robobin kuma ruwa da sabulu ya ishe su, sannan su bushe sosai. Ja kowace ka buɗe tattararta a haske, domin a cikin lungun take tsagewa. In ta yage, ta taurare, ko ta kumbura har ba ta kama wuyan sanda, canza ta. Ana sayar da su a ƙulle tare da 'yar robar kan sanda. Idan ta kan sandar ce ta kumbura kuma ba ka samu sabuwa ba, akwai masu cire ta su mayar da sandar haka. Birki zai kama, sai dai kalifa za ta riƙa ƙwanƙwasa a hanya mai gargada. Dabarar kwana biyu ce kafin ka samo.

8. Yanzu giris. Shafa shi a jikin sandar ko'ina amma siriri, kamar yadda ake shafa man kaɗanya a leɓe da hunturu. Sa ɗan kaɗan a cikin robar da leɓunanta. Kada ka cika ramin, kada kuma ka tara shi a bakin sandar. Ramin toshe yake ta ƙasa, in giris ya cika shi sanda ba za ta kai ƙarshe ba, kana turawa tana dawowa, fad na waje kuma ba zai zauna daidai ba.

Zaunar da robar a bakin ramin tukuna, ka zura sandar kana murzawa, har leɓen robar ya faɗa tsaginsa. Tura ta ƙarshe, ka ɗan ɗaga leɓen da farce iskar da ta maƙale ta fita, ka sake shi. Gwada da yatsu biyu: ta shiga ta fita ba gardama, robar tana miƙewa tana tattarewa ba ta kuɓuce ba. In har yanzu tana da nauyi, ciro ta ka koma kan ramin. Ƙarin giris ba zai gyara ramin da bai wanku ba.

9. Tunda kana wurin, ciro fad ɗin ka duba. In abin da ya rage bai wuce milimita 3 ba, ko sun ci a karkace, canza su, kuma gefe biyu ake canzawa tare. Kunnuwan fad suna zama a kan wasu siraran ƙarafa a jikin burakit. Tsatsa kan taru a ƙarƙashinsu ta matse fad har sai an buge shi da guduma, wannan ma yana kawo irin ciwon da sanda ke kawowa. Ciro su, ka goge wurin da burushi, ka mayar, ka ɗan shafa giris a kunnuwan kawai. Fuskar fad da faifai kada giris ya kusance su. In yatsanka ya taɓa faifai, wanke shi nan take.

10. Mayar da kalifa. In tsofaffin fad ka mayar, za ta shiga ba sai ka taɓa fistin ba. In sababbi ne, sai fistin ya koma ciki, kuma a nan ake karya abu. Motar da hambirkinta ke aiki ta cikin kalifa, irin Accord da Golf, fistin ɗinta murza shi ake yi ta hannun dama ana turawa. Za ka gane shi da tsagin da ke fuskarsa. In ka matse shi da ƙarfi kai tsaye, ka lalata abin da ke ciki. A Accord kuma sai tsagin ya daidaita da ɗan tudun da ke bayan fad na ciki. Camry mai faifai a baya, in ba mai hambirkin maɓalli ba ce, hambirkinta daban yake a cikin faifan, don haka fistin ɗinta turawa kawai ake yi. Kana turawa kana leƙa tankin man birki kada ya yi ambaliya, domin yana cin fenti.

Tabbata tiyo bai murɗe ba. Fara ɗaura bol biyun da yatsu, sannan sifana. Ƙananan bol ne, ɗaurinsu a yawancin motoci tsakanin Nm 20 da 35 yake (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri a jikin sifanar awo). Na Accord 23 ne, na Golf 35. In babu sifanar awo, yi amfani da gajeriyar sifana da ƙarfin hannu ɗaya. Kada ka ƙara mata bututu, kada ka taka da ƙafa. In ka cire burakit, manyan bol ɗinsa sun fi haka ɗauri nesa ba kusa ba, ka duba adadin a littafin motarka. Kama kalifar ka motsa ta, yanzu ya kamata ka ji tana ɗan zamewa.

11. Mayar da taya, ka ɗaura notuna da hannu, ka sauke motar, ka ƙarasa ɗaurin a tsallake, wannan sannan wanda ke fuskantarsa ta ɗaya gefen. Yawancin ƙananan Toyota Nm 103 ne, Honda 108, Golf 120. Sai ka koma ɗaya gefen. Ko lafiyarsa ƙalau a ido, buɗe shi, tare suka tsufa.

12. Kafin motar ta motsa ko taku ɗaya, zauna ka taka birki sau da yawa har feda ta yi tauri. Ja hambirki ka saki sau uku ko huɗu. Duba man birki. Sannan ka fita a hankali a layin da babu jama'a, ka gwada tsayawa. In komai daidai, yi tafiyar kamar minti goma ba tare da yawan taka birki ba, ka tsaya, ka kai bayan hannunka kusa da kowane rim na baya. Kusa na ce, faifan kansa yana iya ƙona ka. Ɗuminsu ya zama ɗaya.

In gefe ɗaya ya ci gaba da zafi bayan sanduna suna sulɓi, saura wurare uku: fistin da ya yi tsatsa ya ƙi komawa, wayar hambirki ko hannunta da ke jikin kalifa ba ya saki, ko tiyon da ya toshe ta ciki yana hana mai komawa. Na hambirki za ka iya ganinsa da ido: sa wani ya ja ya saki kana kallon hannun, ya kamata ya koma mazauninsa da kansa. Fistin da tiyo kuwa aikinsu ya haɗa da buɗe layin mai da fitar da iska, wanda bai taɓa yi ba ya kai wa bakanike.

Duk lokacin da za a canza fad a buɗe sandunan nan, in kuma fad ya daɗe bai ƙare ba, sau ɗaya a shekara, an fi so bayan ɗaukewar ruwan sama. A wurin wankin mota ka ce wa mai tiyon matsi kada ya saita bakinsa kai tsaye a kan robobin kalifa, domin ƙarfin ruwan yana ɗaga leɓen robar ya cusa ruwa cikin ramin.